Babur Marar Ƙara

Litinin, 3 ga Yuni, bayan la'asar

Yau na rabu da Tsohuwa, babur ɗina. Shekara goma sha tara muna aikin zem, wato acaɓa, tare a Kwatano, ita tana tari ta salansa, ni ina tari ta ƙirji, haka muka ciyar da gida. Ni ne sakataren tashar zem ta unguwar Fifadji. Da hannuna na rubuta sunayen waɗanda za su miƙa tsofaffin babura su karɓi na lantarki, to ai ba zan tura mutane gaba ni in laɓe a baya ba. Sunana na sa a farko, Setondji, rawayar rigar aiki mai lamba 4417. Wannan littafin ma ragowar na rajistar ne. Na ce bari in riƙa zuba abin da idona ya gani, don na san jikoki ba za su yarda ba.

A wani fili bayan tashar jiragen ruwa aka tara mu. Tunda nake ban taɓa ganin babura haka ba, tsibi guda ya fi bene hawa biyu, taya a sama kujera a ƙasa. Wani inji mai hannun ƙarfe yana ɗibar su biyar-biyar yana matsewa. Ina kallo ya ɗauki Tsohuwa ya dunƙule ta, ta koma kamar buhun gari. Ban san lokacin da na cire hular kwano na riƙe a ƙirji ba.

Wata 'yar gwamnati mai tabarau ta yi jawabi. Ta ce hayaƙin garin nan yana cin ƙirjin yara da tsofaffi, ta ce an ware biliyoyin sefa, wasu daga baitulmali wasu daga ƙasashen waje, don a wanke iskar Kwatano. Abokina Musiliyu ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Sakatare, biliyan nawa ta ce? Ni dai a yago min sifili ɗaya in kai wa matata."

Da aka ba ni sabon, na yi ta lalube da ƙafa ina neman kiki. Ma'aikacin da ya miƙo min shi ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ya tashi tun ɗazu." Na kasa kunne, ban ji komai ba. Na murɗa hannu, sai kawai ƙasa ta fara gudu a ƙarƙashina. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Alhamis, 6 ga Yuni, da azahar

Ashe garin nan yana da tsuntsaye. Ashe a kan tsohuwar gada ana jin filafilin masu kwale-kwale yana shiga ruwa. Yau na ɗauki wata mata da goyo daga kasuwar Dantokpa, ina tuƙi ina jin numfashin jaririn a bayana. Shekara goma sha tara ina ɗaukar mutane, ban taɓa sanin haka suke ba. Wasu waƙa suke yi a hankali, wasu addu'a, wani kuma faɗa yake da matarsa shi kaɗai yana ba kansa amsa.

Jiya na shiga gida har tsakar gida matata Honorine ba ta sani ba, tana tuƙa tuwon masara. Da na ce sannu, muciya ta yi gabas ita ta yi yamma.

"Baban Reine! Mutum ne ko fatalwa? Da tun kana wajen famfo nake jin ka, in ɗora ruwan wanka. Yanzu sai dai in waiwaya in gan ka a kaina?"

Na yi dariya har tarin ya taso. Amma ta ce wuyan rigata bai yi baƙi ba kwana uku, kuma gaskiya ne, na duba.

Abu ɗaya ne ban yi ba. Ban gaya wa Maman Firmin ba, Dada kamar yadda nake kiranta. Teburinta yana bakin layinmu, inda yashi ya haɗu da kwalta, kwalaben fetur ɗin kpayo, na bumburutu, a jere. Tun ranar da na fara zem a wurinta nake shan mai. Ranar da ba ni da ko dala ta zuba min ta ce in tafi. Ranar da aka haifi Reine ita ta wanke ta. Tururin fetur ya cinye mata ido, yanzu inuwa-inuwa kawai take gani, daga gidanta na tsallaken kwalta ma sai an riƙo hannunta zuwa tebur, amma kunnenta ba na mutane ba ne. Tun kana ɗaya ƙarshen layin za ta ɗauko mazurari ta ce, "Ga Setondji nan, fulogi ya sake jiƙewa." Al'adarmu kuma ko ba ka tsaya shan mai ba, sai ka danna mata hon sau biyu, ita kuma ta ɗaga hannu. To yanzu in tsaya in ce mata me? Dada, na daina buƙatarki?

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma

Sau huɗu na wuce ta yau. Tana zaune ta karkata kai tana sauraron titi. Ban danna ba, na sulale ta gefen teburin Sidonie, maƙwabciyarta mai sayar da fetur ita ma, da suka yi shekara shida ba sa gaisuwa saboda inuwar mangwaro.

Gobe bayan coci zan tsaya.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

An yi ruwa. Gobe.

Talata, 11 ga Yuni, da azahar

Ina asibiti. Maman Firmin ta faɗi a bakin kwalta da sassafe, gari bai gama wayewa ba. Ni na kawo ta. Ƙashin cinya da kai. Ba ta san inda take ba.

Talata, da magariba

Na wanke rigar sau biyu. Madubin dama ya fashe, na kwance shi na sa a ƙarƙashin gado. Honorine ta kawo amiwo, jan tuwon masara, da kaza, ban iya ci ba.

Babur ɗin ba shi da laifi. Yadda aka ƙera shi haka yake tafiya.

Laraba, 12 ga Yuni, da hantsi

Firmin ya iso daga Parakou, ya bar babbar motar da yake ja a can ya hau bas. Ƙato ne, wuyansa ya kai cinyata, amma a barandar asibiti, gaban kowa, ya zube ya kama ƙafata yana ce min Tonton, wato kawu.

"Tonton, an ce ba don kai ba da a titi za ta ƙare. An ce a bayanka ka goya ta har wajen tasi. Me zan yi maka?"

Na ce ya tashi, ai uwata ce ni ma. Na faɗi haka, bakina bai karkace ba. Matan layinmu sai albarka suke sa min. Wata ta kawo min ƙosai a takarda. Musiliyu ya ce tashar za ta rubuta sunana a allo.

Ba wanda yake wurin. Ba wanda ya tambaye ni me na gani, kowa abin da na yi yake faɗa.

Juma'a, 14 ga Yuni, da yamma

Ba ta farka ba. Na yi aiki rabin yini. Ko kaza na hango sai in danna hon, har wani fasinja ya ce ko jana'iza nake rakiya.

Lahadi, 16 ga Yuni, bayan coci

Na shiga layin masu zuwa wurin Fada su faɗi zunubi. Saura mutum biyu, na fita na ce fitsari nake ji.

Litinin, 17 ga Yuni, da la'asar

Ta farka! Allah mai iko. Likita ya ce ƙwaƙwalwa lafiya lau, cinyar ce za a sa wa ƙarfe. Ina tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Wane ne wannan mai numfashi kamar tsohon injin niƙa? Setondji, shigo." Na shiga.

Firmin ya riƙe hannunta ya ce, "Mama, wane ɗan iska ne ya buge ki? Mota ce ko babur? Ki ba ni ko launi, ni zan nemo shi."

"Ba mota ba babur."

"Mama, ai wani abu ya buge ki."

"Kai, ni za ka koya wa titi? Shekara talatin ina bakinsa. Kafin in sa ƙafa na saurara, hagu na saurara, dama na saurara. Ba inji a kan titin nan, ko keke babu. Abu ne ya zo ba sauti ya ɗauke ni sama."

Wata mai jinya a gadon kusa ta yi alamar gicciye. Firmin ya ce wataƙila kunnen ne ya fara tsufa. Nan ta ce a buɗe taga. Ɗakin a ƙasa yake, yana kallon babban titi. Ta rufe ido ta fara: wancan mai sarƙa sako-sako ne, wancan ya ɗauko mutum biyu, wancan mansa gauraye ne da kananzir, ga tasi tana zuwa da taya ɗaya ba iska. Firmin yana leƙawa yana cewa haka ne, haka ne. Har nas ta ajiye tire ta zo kallo. Ni kuwa tsoro da mamaki suka haɗe min, ban taɓa ganin baiwa irin wannan a jikin ɗan Adam ba.

Ina tsaye a bayan Firmin na ga na lantarki biyu sun wuce a jere, shuɗaye irin nawa. Ba ta ambace su ba.

Laraba, 19 ga Yuni, da safe

Tarin ya ragu sosai. Na kwana ban tashi tofar da majina ba, rabon da haka tun kafin auren Reine. Ina jin daɗin numfashi, kuma ina jin kunyar jin daɗin.

Alhamis, 20 ga Yuni, da yamma

An yi aikin cinya, an sa ƙarfen. Kafin a shiga da ita sun ɗauki hoton ƙirjinta, likitan ya kira mu ni da Firmin ya ɗaga shi a fitila. Ban taɓa ganin cikin mutum ba. Haƙarƙari a jere, tsaf, kamar wanda magini ya auna. Sai ya nuna wasu wurare da biro ya tambaya ko sigari take sha. Firmin ya ce ko giyar sodabi ba ta taɓa kurɓa ba. Likitan ya ce to titi ta sha. Ya ce duk wanda ya yi shekaru a bakin kwaltar garin nan haka nasa yake, ya kalli rawayar rigata ya ce har da ni.

Na fito ina tunanin hayaƙin Tsohuwa. Kullum da safe in tsaya a gaban teburinta ina murɗa wuta don injin ya yi zafi, shuɗin hayaƙi ya rufe ta, ita kuma tana dariya tana kore shi da mafici. Ashe da tsohon ma ban bar ta ba.

A layi kuma magana ta canza. Tunda ta rantse ba inji, mata sun ce jifa ne. Yayar Maman Firmin ta je wurin mai duba, ya ce abin daga kusa ya fito, daga mai sana'a irin tata. Ba a kama suna ba, amma yau ba wanda ya tsaya a teburin Sidonie.

Asabar, 22 ga Yuni, da azahar

Ai za su gaji su daina. Mutanen layinmu ba sa riƙe magana fiye da mako.

Lahadi, 23 ga Yuni, da la'asar

Yau ce ranar da gwamnati ta ce kada babur mai hayaƙi ko tsohuwar mota ta shiga tsakiyar gari daga asuba zuwa yamma, gwaji ne. Mu masu lantarki da masu keke kawai aka bari. Ina so in rubuta wannan da kyau.

A shataletalen Etoile Rouge akwai allon da suka kafa watan jiya, mai auna iska. Tunda aka kafa shi ja yake nunawa, har 'yan tasharmu suka ce ƙwan ja kawai aka saya, kuɗin sauran an cinye. Wajen ƙarfe goma ya koma ruwan ɗorawa. Mutane suka fara tsayawa. Da rana ta take, ina nan da Musiliyu, sai ya koma kore. Ba wanda ya yi tafi da farko. Mutum ya fi ɗari biyu a tsaye, kowa ya ɗaga kai, kana jin takun tantabaru a kan kwalta. Wata tsohuwa ta ajiye tiren burodi ta durƙusa. Sai wani ya fara waƙar coci, wasu suka kama, Musiliyu kuma yana ta subhanallahi a gefena, hawaye har gemu.

"Sakatare, ashe koren ƙwan yana nan," in ji shi.

Na hau sabuwar gada. Daga can na hango tafki har inda bukkokin masunta suke tsaye a kan ruwa, na juya na hango jiragen da ke jira a teku, ina ƙirga su ɗaya-ɗaya har goma sha ɗaya. An haife ni a garin nan, ban san ana ganin duka biyun daga wuri ɗaya ba. Sama shuɗiya har ƙasa. Iskar tana da ƙanshin gishiri da kifi, ta shiga ƙirjina har wani lungu da na manta yana nan. Na ce a raina, ashe abin da aka ba mu ke nan tun farko, mu muka rufe shi.

A kan gadar nan na yi kuka, kuma ba don kyan garin kaɗai ba. Komai a fili yake yau, ni kaɗai ne a rufe.

Litinin, 24 ga Yuni, da safe

Bari in rubuta, ko littafi ya sani.

Ni ne. Ni na buge ta. Na fito da wuri don in wuce kafin ta kafa tebur. Na hango ta tun daga nesa a bakin kwalta, ta karkata kai. Yatsana yana kan hon. Da na danna da ta tsaya, amma da ta gane ni, don ta san yadda nake dannawa, da ta ce Setondji ina Tsohuwa. Sai na ce bari in sulale ta gabanta kamar kullum. Ita kuma ta gama saurare, ta ji ba kowa, ta sa ƙafa.

Ban danna ba. Ban danna ba.

Laraba, 26 ga Yuni, da magariba

Honorine ta share ƙarƙashin gado. Na dawo na tarar da madubin a kan tebur, ta goge shi, ta ajiye kusa da kwanon abincina. Ta zauna tana gyaran alayyafo ba ta kalle ni ba.

"An watsa wa Sidonie ruwan kifi a kasuwa yau," ta ce. "'Yarta ta dawo daga wurin koyon ɗinki, uwar ɗakin ta ce kada ta sake zuwa."

Na ce Allah ya kyauta.

"Allah ya kyauta? Baban Reine, shekara ashirin da shida ina wanke rigarka. Ranar nan kai ka wanke da kanka, har sau biyu. Ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba bakina ba ne. Amma tuwona ba zai ƙara yi maka daɗi ba, ka sani."

Na ce Firmin zai kashe ni. Na ce za a karɓe babur ɗin, a soke lambar rigata, a ce sakataren da ya kawo tsarin shi ya fara zubar da jini da shi. Na ce masu cewa na lantarki mugun abu ne za su samu abin faɗa, mutum arba'in da ke jiran nasu su fasa. Duk gaskiya ne abin da na faɗa. Ta bar ni na gama, ta ce, "To," ta ɗauki alayyafonta ta shiga kicin.

Alhamis, 27 ga Yuni, da azahar

Na je asibiti, na kai mata koko da ƙosai. Ta ce hannuna yana da sanyi. Na ce ruwa ne ya dake ni.

Asabar, 29 ga Yuni, da yamma

Sun kifar da teburin Sidonie. Kwalabe sun farfashe, fetur ya malale cikin yashi, Allah ya sa ba mai wuta a kusa. Ina zuwa na tarar tana tsince kwalaben da hannu, jini a yatsunta, mata sun yi da'ira suna kallo. Matar nan ba ta da daɗin baki, ni ma mun sha yi da ita, amma yau ba ta rama wa kowa ba. Mai gidan da take haya ya ce ta tashi kafin ƙarshen mako mai zuwa.

Da ta ɗago ta gan ni sai ta ce, "Fofo Setondji, kai da ka fara zuwa wurin, ka ga wani abu nawa a can? Ka faɗa musu mana."

Na ce ban ga komai nata ba. Wannan ma gaskiya ne. Na gaji da irin wannan gaskiyar.

Litinin, 1 ga Yuli, da la'asar

Na je da safe, lokacin da Firmin ya fita sayen magani. An ɗaga mata gado, tana cin lemo. Na durƙusa a ƙasa.

"Me kake nema a ƙasa, kuɗinka ya faɗi?"

"Dada, ba jifa ba ne. Ba Sidonie ba ce. Ni ne na buge ki, da babur."

Ta daina tauna.

"Ƙarya kake. Tsohuwa ko a cikin kabari na san muryarta."

"Na miƙa Tsohuwa. Na karɓi na gwamnati, na lantarki. Ba ya ƙara."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta juya kai wajen taga tana saurare, na ga tsoro a fuskarta karo na farko tunda na san ta. Ta tambaya ko yanzu haka akwai irinsu a titin. Na leƙa na ce ga uku nan suna wucewa. Ta ce, "Ikon Allah," a hankali, ta sake cewa.

Sai ta ce, "Hon fa? Shi ma gwamnati ta cire?"

"Yana nan."

"To?"

"Kunya nake ji, Dada. Na daina shan mai, ban san yadda zan gaya miki ba. Kwana takwas ina wucewa ta gabanki. Ba na so ki gan ni."

"In gan ka? Da wane idon?"

Ta lalubo bawon lemo ta jefe ni da shi, ya same ni a goshi, ko saiti ba ta yi ba.

"Sakarai. Tsohon banza mai furfura. Don lita biyu? Kana tsammani lita biyunka ce take ciyar da ni? Da ka tsaya ka ce Dada ga abin da na samu, ai da rawa zan yi, in ce ƙirjin yaron nan zai huta." Ta ajiye lemon. "Ka san inda za ni da sassafen nan? Shekara talatin ka taɓa ganin na tsallaka titin nan ni kaɗai? Kwana takwas ban ji ka ba. Na tambayi 'yan zem, kowa ya ce lafiyarka ƙalau, na ce ɓoye min suke. Na ce tarin nan ne ya kayar da shi. Na kwana ina dafa maka saiwa da citta, na ce bari in kai masa da kaina kafin rana ta fito. Gidanka za ni."

Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba. Na kifa goshina a ƙarfen gadon, ina jin ta tana numfashi sama-sama. Ba ta dafa kaina ba, ban kuma sa ran za ta dafa ba.

Can ta ce, "Ƙafar nan tawa ce, ni na san abin da zan yi da maganarta, ba yau ba. Firmin kuma ni na haife shi, bar min shi. Amma Sidonie, shekara shida ba na gaishe ta, ka sa na ɗauki alhakinta ina kwance. Tashi ka tafi layin. Ka tsaya a inda ka buge ni, ka tara su. Kuma kada ka yi musu irin tafiyar babur ɗinka. Da ƙarfi za ka faɗa, yadda zan ji daga nan."

Litinin, da magariba

Na faɗa. Na tsaya a bakin kwalta na danna hon ban saki ba har sai da layin ya fito, mata da maza, Sidonie a bakin ƙofarta da ƙullin kayanta, Honorine a bayan kowa. Na faɗa sau ɗaya, wata ta ce ba ta ji ba, na sake faɗa har maƙogwarona ya fashe.

Ba wanda ya taɓa ni. Sidonie ta zauna a kan ƙullin kayan ta rufe fuska da zane. Ɗaya bayan ɗaya matan suka sunkuyar da kai, yayar Maman Firmin ce ta fara zuwa ta ɗaga teburin da aka kifar.

Firmin ya aiko in same shi gobe ƙarfe bakwai a ƙofar asibiti, mu je ofishin 'yan sanda tare. Ɗan aiken ya ce in zo da babur ɗin, uwar ta ce kafin a tafi da shi sai an tura shi har bakin gadonta, tana so ta shafa abin da ya zo mata ba sallama.